Jinin Uwani a Garin Turawa

Abin da ya fara ɗaukar idona hannun wani masunci ne. Yana zaune a kan tabarma a barandar asibitin da nake aiki a Haɗeja, matarsa ta kawo masa tsohuwar komarsa don ya rage zaman banza, yana ɗinke inda ta yage. Sanƙarau ya kama shi a bazarar shekarar. Mun yi masa allurai ya tashi, amma maganarsa ba ta tashi tare da shi ba. In ka ce, "Malam Audu, ina gajiya?" sai ya dube ka, leɓensa ya motsa, ba abin da zai fito. Yatsunsa kuwa ba su manta ƙulli ko ɗaya ba. Bayan wata huɗu na gamu da shi a kasuwar kifi yana ciniki har da rantsuwa. Kalmomin suna fitowa a hankali, kamar mai tsallaka ruwa da kaya a ka, amma dai suna fitowa.

Tun daga ranar tambaya ɗaya ta maƙale mini: ina maganar ta tafi, kuma ta wace hanya ta komo?

Littattafan likitanci sun ce ƙwaƙwalwa jijiyoyi ne birjik, kowace tana miƙa wa 'yar'uwarta saƙo ta wata 'yar mahaɗa. Tana kuma da dakarunta na tsaro. In cuta ta shiga sai su tashi yaƙi, a cikin yaƙin ne ake zaton mahaɗun ke tsinkewa. Ni kuwa da littattafan soyayya na bakin kasuwa na tashi, ina ɓoye su cikin manyan littattafan makaranta, saboda haka a idona jijiyoyin nan masoya ne da yaƙi ya raba, kowa yana laluben hanyar da zai isar da wasiƙa. Binta kaɗai, matata, na taɓa faɗa wa haka. Ta ce in ci tuwona kafin ya huce.

Shekara biyu muna tara jini, ni da Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Filato wadda ta riga ni zama Haɗeja da shekaru masu yawa. Kashi biyu muka yi: jinin waɗanda ke kwance cikin ciwon, da jinin waɗanda suka warke suka zo daga baya da kurumta ko ɗaurewar harshe. Ba mu taɓa ɗiba ba sai da yardar mutum ko ta iyayensa. Kowace kwalba da katinta: suna, sunan uba, gari. Da wani farfesa a wani birni na arewacin Ingila ya amsa wasiƙata, ya ce in zo da kwalaben mu yi bincike tare na shekara uku, sai na ga kamar shafin ƙarshe na littafi ne, inda komai ke daidaita. Lokacin Haɗeja tana cikin jihar Kano. Ina can aka yanko Jigawa.

Zangona na farko a Ingila filin jirgi ne. Kwalaben suna cikin akwatin sanyi, an cika shi da busasshiyar ƙanƙara, wadda ba ta narkewa ta zama ruwa, hayaƙi take zama ta ɓace. Ma'aikatan shige da fice suka zaunar da ni a wani ɗaki tun safe har bayan azahar suna juya takarduna. Ba su wulaƙanta ni ba, har shayi suka ba ni. Amma duk sa'ar da ta wuce ina jin akwatin yana ƙara sauƙi a kan cinyata.

A tashar jirgin ƙasa na buɗe, na ga ƙanƙarar ta kusa ƙarewa, ga tafiyar rabin yini a gabana. Ina tsaye ina rarraba ido sai wani dattijon Bature mai kyakkyawar riga ya matso ya ce da Hausa, "Sannu, aboki." Ya ce ya zauna Kano yana saurayi, ya san kasuwa, ya san kunun tsamiya. Na ji kamar in rungume shi. A littattafan da na karanta, daidai wannan gaɓar ce baƙo mai kirki yake bayyana. Na bayyana masa damuwata, ya nuna mini wani shagon kayan sanyi a can ƙarshen tashar, ya ce in bar babban akwatina zai kula mini da shi.

Na bar masa na tufafi, na rungumi na jinin. Matar shagon ta saurare ni, ta leƙa cikin akwatin, ta yamutsa fuska, sa'an nan ta shiga ciki ta ɗebo mini ƙanƙarar da ake kawo musu kaya da ita, ta cika mini shi. Ta ƙi karɓar komai. Na komo inda na bar dattijon, babu shi babu akwati. A ciki akwai tufafina duka, da rigar sanyin da Binta ta zaɓo mini a gwanjo, da kuka, da daddawa, da yaji, da ɗan rediyona mai kaset, da hoton aurenmu. Haka na sauka birnin da zan zauna shekara uku, cikin yayyafi, da kaftani na shadda da hula, ina rungume da jinin mutanen Guri da Birniwa.

Ɗakin da aka kama mini yana saman wani gida mai hawa uku. Tagarsa tana kallon kogi. Da na ji akwai kogi na yi murna, amma ba irin namu ba ne. Baƙi ne wuluk, an ɗaure shi da dutse gefe da gefe, ba mai wanki, ba mai ɗiban ruwa, ba masunci kwance a kan gora yana bin ruwa. Nakan tsaya a tagar in tuna yadda fadama ke cika bayan damina, shinkafa ta yi kore har iyakar gani, hayaƙin bandar kifi yana tashi daga bayan gidaje. Sai in zauna in rubuta wa Binta shafi shida, in kira ta tauraruwa, in kira ta sanyin idaniya. Amsarta ba ta wuce rabin shafi: kowa lafiya, akuya ta haihu, rufin ɗakin Inna yana yoyo an gyara, ka riƙa cin abinci.

A ɗakin gwaje-gwaje mutum biyu ne suka shafe ni. Farfesa dogo ne, yana magana ƙasa-ƙasa, ba ya faɗa ba ya dariya. Satin farko kullum da safe nakan tsaya in gaishe shi sosai, in tambayi iyali da gajiya, shi kuwa sai ya dubi agogonsa. Na daina. Ta biyun Madam Doroti ce, mai kula da firiza da kayan gwaji, mace mai kimanin shekara sittin, mijinta ya rasu. Kwana uku tana kallona ina rawar sanyi cikin kaftani, rana ta huɗu ta ajiye mini wata ƙatuwar rigar ulu a kan kujera.

"Ta mijina ce," ta ce. "Ya fi ka faɗi, amma sanyi bai san wannan ba. Kada ka yi mini doguwar godiya, Dokta Habu, ina da aiki."

Wata uku ina koyon aiki. Na koyi auna sinadaran da dakarun tsaron jiki ke zubarwa in suna yaƙi. Na ga jijiyoyin ɓera a madubin gwaji, na ga mahaɗun da idona, ƙanana kamar ƙayar kifi. Kafin a taɓa kwalabena, Farfesa ya ce sai an yi wa kowace gwajin da ke bambanta jinin mutum da na wani, ƙa'idarsu ce. Ban damu ba.

A wata na huɗu ya kira ni ofishinsa. Bai ce in zauna ba. Ya jera takardu biyu-biyu a kan tebur, har wuri shida, ya ɗora yatsa a kan na farko.

"Karanta mini wannan."

"Hauwa Garba, Guri. Tana kwance cikin ciwo."

"Wannan fa?"

"Uwani Maigora, Guri. Ta warke, ba ta magana."

"Mutum biyu ke nan?"

"Mutum biyu."

"Jininsu ya ce mutum ɗaya ne. Haka sauran biyar ɗin." Ya tattara takardun ya daidaita gefensu. "Dokta, na taɓa ganin wanda ya raba jinin mutum ɗaya a kwalba biyu don aikinsa ya yi kauri. Ba na cewa haka ka yi. Ina cewa ban ga wani bayani ba. Kana da shi?"

Ba ni da shi. Na rantse masa da Allah, ya jira na gama kamar mai jiran mota ta wuce. Ya ce an rufe firizar da kwalabena ke ciki, kada in ƙara shiga ɗakin gwaji, kwamiti zai zauna bayan wata uku. In ban kawo hujja ba za a mai da ni gida, a kuma rubuta wa waɗanda suka ba ni izinin aikin likita a ƙasarmu cewa na yi ha'inci.

Na fito na bi bakin kogin da ƙafa. Abin da ya fi ci mini rai ba korar ba ce. A Haɗeja in aka ce likita ya yi ƙarya da jinin 'ya'yan mutane, ba wanda zai ƙara miƙa masa hannun ɗansa, kuma ba ni kaɗai ba, har Sista. Na yi ta bitar shekara biyun nan a kaina. Ni na rubuta yawancin katunan da hannuna. Ban raba jinin kowa ba. To ko Sista ce ta yi kuskure? Na zarge ta a zuciyata kwana biyu cur, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Sati uku ina haka, ba na rubuta wa Binta komai sai zancen taurari. Ran nan wani ɗalibi ɗan Gumel da ya dawo daga hutu ya kawo mini ƙunshi daga gida: kuka, da busasshen kifi, da kaset. A lokacin haka ake yi, wanda bai iya rubutu ba sai a tara iyali a gaban rediyo kowa ya yi maganarsa a aika. Ni kuwa rediyona yana hannun abokina na tasha. Na gamu da Madam Doroti a bakin ƙofar makaranta, ta ga kaset a hannuna, ta ce in zo gidanta ran Lahadi da rana, tana da abin sawa.

Ta dafa shayi, ta sa kaset ɗin, ta zauna da saƙarta. Kawuna ne ya fara, da doguwar addu'a, yana cewa "ɗana." Sai ƙanwata: "Yaya, wai da gaske ne can rana ba ta fitowa?" Sai Binta, a taƙaice don an taru ana jinta: "Likita, muna gaisuwa." Daga nan aka yi ta lallashin Inna, mahaifiyata. Ana jin ƙanwata tana cewa, "Inna, matso mana, ba ya cizo." Can sai muryarta ta fito, daga nesa, kamar ta juya wa rediyon baya.

"Me zan ce? Ke Binta, ki gaya wa mutumin naki ya riƙa rufe ƙirji, tun yana ƙarami sanyi ba ya yi masa da daɗi. Ki ce masa kada ya bar salla. Shi ke nan, ku kashe abin nan."

Na sunkuyar da kai, Madam Doroti ta yi kamar ba ta gani ba. Da kaset ya ƙare ta ce, "Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na kasa kunne in ji an ce Habu. Ka tabbata naka ne? Mutum huɗu sun yi magana, ba wanda ya kira sunanka."

Na yi dariya ina share ido. Na ce ai ni ɗan fari ne, a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, kunya ce. Mace ma ba ta kama sunan mijinta. In kuma yaro ya ci sunan kakansa, to gidan duka sai a nemo masa wani sunan da za a riƙa kira.

"To in ta kai ka asibiti fa," ta ce, tana ci gaba da saƙa, "aka tambaye ta sunanka?"

Tambayar ta mai da ni barandar asibitin Haɗeja.

Cikin ciwo, ubanni ne ke kawo yara, a kan jaki ko a kwalekwale, su faɗi sunan yanka da nasu sunan: Hauwa, 'yar Garba. Bayan wata biyar, lokacin maza suna fadama, uwa ce ke kawo yarinyar don ta ga ba ta magana. Katin farko ya ɓata, ko ruwa ya ci shi. In ka tambaye ta sunan yarinya, ba za ta ce Hauwa ba, sunan uwar mijinta ne, sai ta ce Uwani. In ka ce sunan uba fa, ba za ta ce Garba ba ko za a yanka ta, sai ta ce Maigora, laƙabin da ake kiransa da shi a bakin ruwa. Ni kuma in sunkuyar da kai in rubuta sabon kati. Fuska ba ta taimake ni ba. Yarinyar da na gani a sanƙare, an aske mata kai, tana cikin masu yawa a kan tabarmi, ba ita ce mai ɗankwali da ta shigo da ƙafarta ba. Ni da uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ne na zauna da biro ina jiran matan Guri su kira na mazansu.

Madam Doroti ta ajiye saƙar. Ta ce in jini ɗaya aka raba biyu, komai na cikinsa zai zo daidai. In kuwa an ɗiba a lokuta biyu, sinadaran yaƙin za su bambanta. Makullin firiza yana hannunta. Na ce za ta jawo wa kanta matsala. Ta ce saura mata shekara biyu ta bar aiki, kuma ta girmi Farfesa.

Ta yi gwajin, ran Laraba ta kai wa Farfesa sakamakon da kanta, ta sa aka kira ni. A kwalbar Hauwa sinadaran sun yi sama ƙwarai, a ta Uwani sun sauka. Na yi masa bayanin kunya da sunan yanka. Ya saurara har ƙarshe.

"Wannan ya nuna ba rana ɗaya aka ɗebi jinin ba," ya ce. "Bai nuna akwai yarinya mai suna biyu ba. Kana iya ɗiba daga mutum ɗaya sau biyu ka ƙirƙiro na biyun. Labarinka mai daɗi ne, Dokta, amma kwamiti ba labari yake ci ba. Kawo mini mutanen."

Ran nan na rubuta wasiƙar da ta fi kowace gajarta a rayuwata. Na jera wa Sista Rifkatu sunaye goma sha biyu, biyu-biyu, na sa mata 'yan takardu masu shan jini, na roƙe ta ta nemo mutum shidan, ta ɗiga jinin yatsan kowa, ta samo shaidar cewa sunayen nasa ne. Na kuma rubuta wa Binta gaskiyar halin da nake ciki, ba tauraro ko ɗaya. Sai da na jefa wasiƙun na tuna damina ce ta yi nisa a gida. A irin wannan lokaci hanyoyin bayan Guri duk ruwa ne.

Sati bakwai ban ji komai ba. Kullum in sauko in duba akwatin wasiƙu in koma sama. Na dafa kifin da aka aiko mini, mai gidan ta hau bene tana toshe hanci, ta ce ko ni ko kifin. Na ci sauran a tsaye a bakin kogi. Saura kwana tara kwamiti ya zauna ambulan ya iso, ya yi laushi don shan hannu. A ciki akwai takardun jini biyar, da hotuna biyar, da takardar shaida daga limamai da masu unguwa, wasu da ajami, kowace da fassarar da wani malamin makaranta ya yi. Sai wasiƙar Sista, wadda har yanzu tana wurina.

"Likita, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Kai da aka haifa a garin nan sai ka je Ingila kafin ka san mata ba sa faɗin sunan mazansu? Ni baƙuwa ce, ina da uzuri, kai mene ne naka? Na ɗauki hutuna na shekara. Na shiga kwalekwale ni da mai hoto, kuma ka san ban iya ruwa ba. Ciyawar kacalla ta toshe hanya wuri biyu, muka sauka muka tura, ruwa har ƙugu. Mai hoto ya yi ta kuka da kyamararsa kamar ita ce za ta nutse. Ba na tambayar uwaye, wurin wanzamai da limamai nake zuwa, su suka san sunan da aka raɗa. Na sami biyar. Na shidan Fulani ne, sun tashi, ba wanda ya san inda suka nufa. Uwani ta fara magana. Da na soke ta a yatsa ta ce mini muguwa, uwarta ta fashe da kuka don murna. Matarka ta zo ta raka ni tasha da dambun kifi, ta ce in gaya maka wasiƙarka ta ƙarshe ita ce ta farko da ta fahimta."

A hoton, Uwani tana tsaye a gaban danga, 'yar kimanin shekara tara, ta ɗaure fuska, tana riƙe da allo an rubuta sunayenta biyu da alli. Ubanta yana gefe da goransa na su.

Jinin takardun ya dace da kwalaben, biyar cikin biyar. Kwamiti ya zauna ƙasa da sa'a ɗaya. Suka ce ba ha'inci, akwai sakaci wajen rubuta kati, kuma a zubar da kwalabe biyun da ba a samo mai su ba. Na yarda da hukuncin, don gaskiya ne. Farfesa bai ba ni haƙuri ba. Washegari ya tsaya a bakin teburina ya ce, "Ka gane abin da ke hannunka? Mutum ɗaya, cikin ciwo da bayan ciwo, ga kuma labarin yadda maganarsa ta dawo. Da gangan ma da wuya a samu haka." Daga nan ya tambaye ni, a karo na farko, ko iyalina suna lafiya.

A kan mutum biyar ɗin nan aikina ya tsayu. Muka sake tsara binciken, Sista tana bin su duk bayan 'yan watanni tana rubuto abin da suka iya faɗa da abin da suke ji, mu kuma muna gwada sinadaran a kan jijiyoyin ɓera mu ga yadda mahaɗu ke tsinkewa da yadda suke sake kamawa. Ban gano hanyar da magana ke bi ta komo ba, har yau ba a gama ganowa ba, amma mun ɗan matsa. Da takardar binciken ta fito, sunana ne na uku, bayan na Farfesa da na wani da bai taɓa riƙe kwalaben ba. Na nemi a sa na Sista, aka ce ba ta da digiri, aka sa ta a layin godiya da ƙananan haruffa. Na aika mata, ta ce ta liƙa a bango kusa da kalanda. Madam Doroti ta bar aiki kafin in gama. Na kai mata rigar mijinta, ta ce in tafi da ita, wataƙila wani ɗan garinmu zai zo.

Na dawo gida na ci gaba da aikin, rabi a asibiti rabi a ɗakin gwaji. Katinmu yanzu yana da layi huɗu: sunan yanka, sunan da ake kira a gida, sunan uba, da sunan wanda ya kawo mara lafiya.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in muka je rigakafi wani ƙauye bayan Guri, ni da Sista. Ita ce ta nuna mini wata mata a layi, da goyo, tana juyo da kunnenta na dama duk lokacin da aka yi mata magana. Na hagun bai dawo ba. Uwani ce. Tana auren wani manomin shinkafa, tana kuma bandar kifi ana kai mata kasuwar Haɗeja. Maganarta garau, sai dai takan ɗan tsaya kafin doguwar kalma. Sista ta ce mata, "Ga likitan da ya kai jininki ƙasar Turawa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ka dawo mini da shi?"

"Sun riƙe, Uwani. Yana can cikin sanyi."

"To su ci gaba da riƙewa, na yi wani."

Ta kwanto goyon ta miƙo hannunsa, yaro ne mai ƙiba, ɗan wata takwas. Na ɗauki kati na buɗe biro.

"Yaya sunansa?"

Ta kau da kai ta dubi wajen ruwa, ta ja bakin mayafi ta rufe baki. Matan da ke layi suka kwashe da dariya. Sista ta zare biron daga hannuna.

"Ɗan farinta ne, Likita. Matsa can ka yi allurarka." Ta ɗaga murya wajen inuwar da maza ke zaune. "Ina uban yaron nan? A kira mini shi."